Koren Tayil

Gidana ne ya fara ɓata wa mutanen talbijin rai, tun kafin ni in buɗe baki. Motarsu ta tsaya a ƙofa da hantsi, wani saurayi mai suna Gilang ya fito da hula a juye, ya kalli barandata, ya kalli wayarsa, ya sake kallon baranda kamar wanda aka yi wa kwatancen ƙarya.

"Ibu, nan ne gidan su Kirana?" in ji shi. Ibu ake ce wa mace babba a wurinmu, don girmamawa.

"Nan ne gidan su Karsiti," na ce. "Kirana ku kuka haife ta a Jakarta, ni ban san ta ba."

Karsiti 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni, muna kiranta Iti. Ta shiga gasar talbijin ta waƙar dangdut, waƙar ganga da rawa da ake ji da ita a ƙasarmu, har ta kai cikin 'yan tsirarun da suka rage. Da zuwanta suka ce sunanta na ƙauye ne, ba ya sayuwa, suka laƙaba mata Kirana. Muryar dai ba su suka ba ta ba. Tun tana makaranta take hawa dandamalin biki a ƙauyukan yankinmu na Indramayu bayan girbin shinkafa, ta yi waƙa daga azahar har mai ganga ya ce hannunsa ya mutu. Duk waƙar da mutum ya nema za ta yi masa, ko da shi kansa rabinta ya sani.

Gidan kuma ni na gina shi, da bayana da gwiwoyina. Na tafi aikatau Saudiyya Iti ba ta daɗe da barin nono ba, na dawo na tarar ta fara ɗaura kallabi. Mijina Kasmad ya rasu ina can ina wanke ban-ɗakin wasu, ko gawarsa ban gani ba. Abin da nake aikowa shi ya zama tushe, ya zama bango, ya zama rufi, daga ƙarshe aka shimfiɗa koren tayil tun daga baranda har rabin fuskar gidan. A ƙauyenmu in ka ga gida da tayil a fuska ba sai ka tambaya ba, wata mace ce ta bar 'ya'yanta ta je ta samo shi.

Iti kuwa malalaciya ce, ba zan rufa mata asiri ba. Kwano sai ya kwana bai ga ruwa ba in ita za a jira. Amma barandar nan kullum da safe sai ta durƙusa da tsumma ta goge ta tas, har layukan da ke tsakanin tayil. Nakan yi mata tsiya, in ce ko tayil ɗin ne zai aure ta. Sai ta yi dariya ta ci gaba.

Gilang ya hau barandar da takalminsa, ya leƙa ya ga firij, ya ga babur, ya sosa ƙeya.

"Ibu, gaskiya gidan ya yi kyau da yawa."

"Na gode."

"A'a, ba haka nake nufi ba. Kin ga, masu kallo ne ke zaɓe, da saƙon waya. Kuma mutane ba murya kaɗai suke zaɓa ba, sai sun ji tausayi. Yanzu in muka nuna wannan, wa zai tausaya mata?"

"Ni ce maka na yi a tausaya mata? Waƙa ta je yi."

Bai ma saurare ni ba, idonsa ya riga ya tsallake katanga ya sauka a kan bukkar Wa Sanipah. Tsohuwa ce maƙwabciyata, ba ta da kowa sai agwaginta, bangonta na saƙar gora, rufinta duk ya zazzago. Ita ta goya Iti lokacin da ba na nan, ita da mahaifiyata kafin ta rasu. Na ga fuskar yaron nan ta washe, wallahi kamar ya tsinci abu a hanya. Na ce masa ya sauka mini daga baranda, kuma in zai sake hawa ya cire takalmi. Suka tafi suka zauna a mota.

Ba a jima ba wayata ta yi ƙara.

"Mimi," in ji Iti, don haka ake kiran uwa a garinmu, muryarta ƙasa-ƙasa, "me kika yi musu?"

"Nok, so suke in shiga bukkar Wa Sanipah in ce tawa ce." Nok kuma muke ce wa 'ya mace.

"Kowa haka ake masa, Mimi. Wadda aka cire wancan makon ta fi mu duka murya, amma babanta malamin makaranta ne, ba ta da labari."

"To ke ma ki zama marar labari."

"Yini ɗaya ne fa." Ta ƙara sassauta murya. "Mimi, ban taɓa roƙonki komai ba."

Nan ta kashe mini jiki, don gaskiya ta faɗa. Yaushe za ta roƙe ni? Shekarun da yara ke kama zanen uwa suna kukan alewa, ni murya ce a waya. Na ajiye wayar, na fita na ƙwanƙwasa gilashin motar.

Kar Allah ya maimaita mini yini irin wannan. Suka cire mini 'yan kunne, suka ba ni wani koɗaɗɗen zane da suka zo da shi a leda, ashe har da kayan talauci suke yawo. Suka fito da Wa Sanipah daga ɗakinta, na ɗora ta a kujerar barandata na haɗa mata shayi. Ni kuma aka durƙusar da ni gaban murhunta ina hura wuta. Wata yarinya ta shafa mini man zafi a ƙasan ido. Gilang na ta cewa, "Ibu, ki ɗan kalli nesa, ki tuna wani abu mai ciwo." Na kalle shi, don a lokacin shi ne abu mai ciwon da ya fi kusa. Har wani suka tura saman bukkar da bokitin ruwa don a ɗauki yoyo, alhali rufin nan bai taɓa neman taimakon kowa ba wajen yoyo.

Wa Sanipah na kurɓar shayi tana kallo ta saman katanga. Ta ce, "Dasinih, ashe talauci abin haya ne? Ni ina ta yinsa kyauta."

Da aka nuna shi, duk ƙauye sun taru a zauren dagaci gaban babban allo. Ga ni ina hura wuta, ga kiɗan sarewa mai sa kuka, ga wata murya tana cewa uwar Kirana ta yi shekaru a ƙasar Larabawa ta dawo hannu wofi. Hannu wofi. Sai wani daga bayan zauren ya ce, "To gidan tayil ɗin na aljanu ne?" aka kwashe da dariya. Washegari a kasuwa mai sayar da tempe, curin waken soyan nan namu, ta ƙara mini yanka ɗaya, wai sadaka, tana danne dariya. Na karɓa, na ce Allah ya ba da lada, na tafi ina tafasa.

Amma abin ya yi aiki, shi ne abin haushin. Iti da ke can ƙasa a ƙuri'a ta haura sama. Mutane daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba suka riƙa aiko shinkafa da taliya bukkar da suka gani, Wa Sanipah ta ci har kumatunta suka ciko. Wannan kam bai dame ni ba.

Sai suka aiko mini da tikitin jirgin ƙasa, wai in zo Jakarta a yi wa Iti ba-zata a kan dandamali. Ba-zatar da sai da muka gwada ta har sau nawa da rana, ana nuna mini inda zan tsaya da kafaɗar da zan ɗora kaina. A ɗakin jiran iyaye na haɗu da wata 'yar tsibirin Madura, Bu Hotimah, ɗanta ma yana cikin gasar. Na yi mata ta'aziyya, don na gani a talbijin cewa teku ta cinye mijinta.

"Yana masauki," ta ce. "Yana cin shinkafa. An hana shi fitowa sai an gama."

Na riƙe baki. Ta ce, "Ke gida kawai suka karɓe miki, ki gode Allah. Ni kullum sai na yi kukan mutumin da ke hana ni barci da minshari."

Na tambaye ta ko ƙuri'ar nan ma gaskiya ce. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce ita dai garinsu kowa ya ƙarar da katin wayarsa, har mai unguwa yana bi gida-gida, amma ba ta taɓa jin wanda ya ga inda ake ƙirgawa ba.

A wurin gwaji na ji waƙar da suka ba Iti. Ba irin tamu ba ce, tasu ce ta kamfani, wadda in ka ji ta sau ɗaya ka ji duka. Sun hana ta karya murya irin ta mutanen bakin tekunmu, wai ƙauyanci ne. Akwai ma wata murya da aka riga aka naɗa tana bin ta a ƙasa, ko da za ta kuskure. Iti da ba ta taɓa kuskure ba ko injin wuta ya mutu a tsakiyar biki. Sun sa mata gashin ido kamar tsintsiya, sun matse ta cikin riga mai ƙyalli. Da ta gan ni ta rungume ni, ta raɗa mini, "Mimi, ki daure. Saura kaɗan."

Na ce zan daure, kuma da gaske nake. Na riga na yanke cewa ko me za su faɗa a kaina zan haɗiye. Na bar yarinyar nan sau ɗaya don gida, ba zan sake kayar da ita don gida ba.

Aka fara shiri kai tsaye. Iti ta yi waƙarsu, ta yi ta da kyau, alƙalai suka tashi tsaye kamar yadda suka tashi a wurin gwaji. Mai gabatarwa, wani mai gashi a kwance kamar saniya ta lashe shi, ya sassauta murya, fitilu suka rage haske, sarewar nan ta fara. Aka sake nuna bukkar a babban allo, da bokiti, da ni ina hura wuta. Aka turo ni, na fito, Iti ta rufe baki da hannu yadda aka koya mata, muka rungume juna. Sai ga wani mutum da ƙaton makulli na kwali, wai wani kamfanin fenti zai gyara wa Kirana gida. Aka yi ta tafi.

Mai gabatarwa ya matso, ya dafa kafaɗarta.

"Kirana, mahaifiyarki ta tafi ta bar ki kina jaririya. Kin girma babu uwa. Kuma bayan duk wannan, ta dawo ba ta kawo miki komai ba. Faɗa wa 'yan ƙasa, kin taɓa jin haushinta?"

Wannan tambayar ba a yi ta a gwaji ba. Na ji ta har cikin haƙorana. Na sunkuyar da kai, na cije leɓe, na ce a raina, Dasinih, yi shiru, ko da sau ɗaya a rayuwarki. Abin da ya rage wa Iti shi ne ta fashe da kuka ta ce ta yafe mini, shi ke nan ta wuce zagaye na gaba.

Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da makirfo, ta daɗe, har na ga Gilang a gefen kyamara yana murza ido da hannu yana nuna mata.

"Sunana Karsiti," ta ce. "Kuma ba ta dawo hannu wofi ba."

Mai gabatarwa ya yi dariyar yaƙe, ya miƙa hannu zai karɓi makirfon. Ta ja baya. Yarinyar da ta saba da mashayan biki masu hawa dandamali, wannan ba zai ƙwace mata komai ba.

"Wancan gidan Wa Sanipah ne, ita ta goya ni. Yoyonsa gaskiya ne, in za ku gyara ku gyara mata. Namu gidan yana kusa da shi, mai koren tayil. Mimi ce ta gina shi." Ta juyo ta kalle ni. "Ina ƙarama kakata ta ce mini ranar da aka gama sa tayil, ranar Mimi za ta dawo. Aka gama, ba ta dawo ba. Na ɗauka don yana yin datti ne. Sai na riƙa goge shi kullum da safe, don in ta zo ta gan shi da kyau ta zauna."

Ban taɓa sani ba. Ni da nake mata tsiya a kan tsumman nan, ban taɓa sani ba. Lokacin da aka gama tayil ɗin ne Kasmad ya kwanta ciwo, na sabunta zamana don asibiti, babu wanda ya zauna ya yi wa yarinya bayani. Kuka ya zo mini, na gaske, wanda ba ya buƙatar man zafi, irin mai fitowa da majina. Sai na ga kyamara ta taho kan ƙafafunta tana neman fuskata, har mai riƙe da ita yana lasar baki. Abin da suka yi ta nema ke nan tun daga ƙauye, ga shi ya samu. Na kama bakin mayafina na rufe mata ido ruf.

"Wannan ba naku ba ne," na ce. Ashe ƙaramin makirfon da suka maƙala mini a wuya yana kunne, duk ƙasa ta ji.

Suka tafi talla. Abin da aka faɗa mana a bayan dandamali ba sai na maimaita ba, an dai ambaci yarjejeniya, an ambaci butulci. Wani babba mai ƙaton agogo ya ce Iti ta kashe kanta da kanta. Na ce masa ai su ma suna kashe mutane, ga mijin Bu Hotimah can yana jiran a tashe shi. Da aka dawo aka karanta ƙuri'a, yarinyar da ke sama kafin talla ta zama ta ƙarshe. Ban yi mamaki ba, ban kuma ce an yi maguɗi ba, don ban ga inda ake ƙirgawa ba, ni ma kamar kowa.

Al'adarsu duk wanda aka cire sai ya yi waƙar bankwana yana jan akwati yana kuka. Iti ta ajiye akwatin, ta cire abin kunnen da ake yi mata magana ta ciki, ta juya ta ce wa mai ganga wani abu. Tsoho ne, daga ganin yadda ya gyara zama na san ɗan bakin teku ne. Ta yi waƙarsu ɗin nan dai, amma ta karya ta yadda ake karyawa a garinmu, ta ja ta, ta murɗa ta, har muryar da aka naɗa ta rasa inda za ta bi aka kashe ta. Idonta a bushe har ta gama. Alƙalai suka zauna suna kallon juna, don ba a gaya musu ko su tashi ba.

A jirgin ƙasa ta jingina da taga tana ɓare gashin idon nan.

"Nok, kin rasa gasar."

"Na sani, Mimi."

"Kina nadama?"

"Sosai ma. Motar nan da za a ba wanda ya ci, ja ce. Har na zaɓi inda zan ajiye ta."

Na yi dariya, ita ma ta yi, sai kuma ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ta hana su. Ta so abin nan da zuciya ɗaya, kuma ta cancanta. Babu wanda zai ce mini ba ta yi asara ba.

Kamfanin fenti bai zo ba. Makullin kwalin ma karɓewa suka yi a ƙofa. Rufin Wa Sanipah yana nan yana yoyo, shinkafar sadaka ta ƙare, ta ce da ma ta san haya ba ta ɗorewa.

Wata safiya sai ga motar mutanen talbijin ta sake tsayawa. Gilang ne, wannan karon hularsa a daidai, har da kwalin biskit a hannu. Iti na durƙushe a baranda da bokiti da tsumma. Ya ce maganarta ta bazu a wayoyi, mutane na ta zagin tashar, manya sun yanke a dawo da ita gasar. Sharaɗi ɗaya ne, a ɗauki gidan na gaskiya, uwa da 'ya a kan koren tayil, ita tana gogewa ni ina kallonta.

"In da hali, Ibu ki ɗan yi irin kukan nan na rannan," ya ce, ya ɗaga ƙafa zai hau.

"Kar ka taka, Mas Gilang," in ji Iti, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bai bushe ba."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ya kalle ni, wai ko zan sa baki. Na nuna masa bukkar Wa Sanipah, na ce ga gidan da suka ɗauka can, kyamararsu ta san hanya, in sun zo da kwanon rufi akwai tsani a bayan gidana. Ya jira a rana har ya gaji, ya ajiye biskit ɗin a kan katanga ya tafi. Wa Sanipah ta miƙo hannu ta ɗauke.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayan yarinyar nan, tana bin layin tayil da ɗan yatsa a cikin tsumma.

"Nok," na ce, "ai na dawo tuntuni. Ki bar gugar nan haka."

"Na san kin dawo, Mimi." Ta matse tsumman a bokiti. "Don kar ki koma ne."

Na shiga ciki na ɗauko wani tsumman, na durƙusa kusa da ita, na fara daga ɗaya gefen.